Mabuɗin da Na Bari a Shafina

Litinin 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ko saƙo ɗaya bai fita daga ofis ba. Mu kuwa aikinmu ke nan, tura wa marasa lafiya saƙo a waya: gobe ranar karɓar maganinka ce, jibi ranar rigakafin jaririnki. Ƙananan asibitoci bakwai ne suka dogara da manhajarmu. Kamfanin waya ya rufe mana layi tun da safe, wai tsakanin Asabar da Lahadi wani ya yi amfani da mabuɗinmu na sirri ya watsa saƙo dubu arba'in na "ka ci kyauta, danna nan," har da lambobin marasa lafiyarmu. Mabuɗin wasu dogayen haruffa ne da manhaja ke nunawa kafin a yarda mu ne. Duk wanda ya same shi ya zama mu.

Injiniya, wadda ke duba aikinmu mu 'yan horo, ba ta ɗaga murya ba. Gilashinta ta cire ta ajiye a kan tebur, a wurinta kuwa wannan ya fi ihu. Ta ce mabuɗi ba ya da ƙafa, wani ne ya fita da shi.

Mu biyu ne 'yan horo, ni da Saigobe. Mun sa masa sunan ne don duk aikin da aka ba shi sai ya ce sai gobe. Saura mako uku mu gama, gurbin aiki kuma ɗaya ne. Kowa a ofis ya san wa za a ɗauka, har shi ma ya sani.

Ban buɗe shafina ba yau. Ba ni da dalilin buɗewa.

Talata 4, ƙarfe bakwai na safe

Shayin ya huce a gabana. Yaya ta ce in ba zan sha ba in daina kallonsa kamar ya zage ni.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na goge.

Bari in rubuta sau ɗaya, daga nan ba zan sake ba. Malaminmu na makaranta kullum yana cewa digiri kowa na da shi, mai ɗaukar aiki abin da ka gina da hannunka yake so ya gani. Shi ya sa duk muka buɗe shafi a dandalin intanet da masu rubuta kod, wato umarnin da manhaja ke bi, ke baje aikinsu. Nawa ya fi na kowa tsari a ajinmu, ba yabon kai ba. Wata biyu da suka wuce, ranar tara ga wata, na gama ɓangaren da ke tsara lokacin fitar saƙonni. Ni na rubuta shi tun daga layin farko, kwana goma sha biyu ina fama. Na ce wannan ai ya fi ƙarfin ya zauna a ofis babu mai gani. Ban tambayi kowa ba. Na kwashi jakar aikin gaba ɗaya, umarni ɗaya na buga, ta hau shafina. Ban leƙa abin da ke cikin jakar ba.

Akwai wani ƙaramin fayil a ciki, layi huɗu, ɗaya daga cikinsu mabuɗin ne.

Yau lokacin cin abinci na shiga banɗaki da wayata na goge shi. Sai da na danna sau uku. Ya tafi. Ya wuce. Kuma babu tabbacin ta nan aka samu, hanyoyi suna da yawa.

Laraba 5, ƙarfe ɗaya na rana

An yi taro a ɗakin da fankarsa ke kuka. Injiniya ta ce mutum huɗu ne suka taɓa riƙe mabuɗin: ita, mai kamfaninmu, sai mu biyu. Ta ce ba farautar mai laifi take yi ba, ramin take nema don ta toshe. Kowa ya tuna inda ya taɓa ajiye shi.

Na ƙura wa kalandar bango ido. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ni kuwa ko tarin mai kamfani sai in ji kamar sunana ya kira.

Sai ga Saigobe ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Wai watan jiya allon kwamfutarsa ya fashe, ya kai wa mai gyara, ta kwana uku a shago, kuma mabuɗin yana ciki, bai sa mata kalmar sirri ba. Babu wanda ya matsa masa, shi ya kawo kansa. Mai kamfani ya dafe kai. Injiniya ta rubuta wani abu a littafinta.

Abin da na ji a lokacin sauƙi ne. Sauƙi na ji, har cikin ƙashina. Allah ya yafe mini.

Alhamis 6, ƙarfe shida na yamma

Layin bai dawo ba. An ba mu jerin sunaye ɗari shida, ni da Saigobe, mu kira su da baki. Wata shida ina tura wa mutanen nan saƙo, ban taɓa tunanin suna da murya ba.

Wani dattijo mai hawan jini ya ce tun Litinin maganinsa ya ƙare, yana zaune yana jiran saƙo, don shi ba ya riƙe kwanan wata, saƙon ne ke riƙe masa. Ya ce kansa na sara tun jiya. Na ce Baba ka tafi asibiti yau, yanzu. Ya yi ta sa mini albarka, wai yarinyar kirki. Wata mata kuma ta ce ta danna abin kyautar, ko wayarta ta lalace? Ta yarda da shi ne saboda da sunanmu ya zo.

Saigobe yana kiran nasa yana ba su dariya. Ya ce wa wata tsohuwa shi ne saƙon da kansa, yau ya zo da baki. Idan ya ajiye waya sai fuskarsa ta koma wata iri.

Juma'a 7, bayan na dawo

Baba yana rumfarsa a ƙofar gida, ya kwance wata rediyo a kan tabarma. Shekara talatin yana gyaran rediyo da fanka, bai san abin da nake yi a kwamfuta ba, amma duk layinmu ya gaya musu 'yarsa ta kusa zama injiniya. Mai kantin kusurwa har ya fara kirana da sunan.

Na zauna ina riƙe masa ƙananan kusoshi. Yana ta mita, wai wani ya riga ya buɗe rediyon nan, mai ita kuma ya rantse ba a taɓa ba. Ya nuna mini ɗigon dalma, ya ce ga hannun mutum nan ƙarara, duk wanda ya shiga cikin inji sai ya bar sawu.

Kusoshin suka zube daga hannuna. Ya ce lafiya? Na ce gajiya ce.

Asabar 8, ƙarfe tara na safe

Yana nan.

Ni da na koya wa rabin ajinmu yadda dandalin yake aiki. Ba ya mantuwa, amfaninsa ke nan. Duk abin da ka taɓa ɗorawa yana cikin tarihin aikin, gogewa kawai wani layi ne da ke ƙaruwa a ƙasa. Na buɗe tarihin: ga fayil ɗin, ga sunana, ga rana da minti. Ga kuma sabon layi na ranar Talata, ƙarfe ɗaya da kwata, yana cewa na goge shi. Wato na je na sa hannu a ƙarƙashin laifina.

Na rufe shafin daga idon jama'a. Bayan minti goma na tuna adireshinsa yana saman takardar neman aikina da ke teburin Injiniya, in ta ga ya ɓace a wannan makon me za ta ce? Na buɗe. Na sake rufewa. Sannan na tuna mutum uku sun riga sun kwafi aikin zuwa shafukansu, da tarihinsa da komai. Ranar da na ga sun kwafa har rawa na taka a ɗaki.

Na sake buɗe shi, na bar shi a buɗe. Ina jin tsoro. Ban taɓa jin irin wannan ba.

Litinin 10, ƙarfe huɗu na yamma

Layi ya dawo da sabon mabuɗi. An ba ni, ba a ba Saigobe ba. An mayar da shi teburin bakin ƙofa yana jera wayoyin lantarki a kwali. Duk da haka da ya haɗa shayi sai ya kawo mini nawa, sukari cokali biyu, bai manta ba.

Ya jawo kujera ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya yi tunani a ƙarshen mako: ɓarawo ba ya fara da saƙo dubu arba'in, sai ya gwada ɗaya ko biyu tukuna ya ga ko mabuɗin na aiki. Idan aka duba rajistar saƙonni aka ga gwajin farko ya riga ranar da ya kai kwamfuta gyara, to ba ta wurinsa ba ne. Shi an hana shi shiga rajistar. Ni ina da izini, kuma na fi shi iya tace ta.

Duk wata shidan nan raina shi nake yi. Ashe yana da kai, lalaci ne kawai ya rufe shi.

Na ce masa sai gobe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai na ƙwace masa suna.

Talata 11, ƙarfe takwas na safe

Na wuce tasharmu ban sauka ba. Sai da direba ya ce nan ne ƙarshe.

Laraba 12, ƙarfe biyu na rana

Injiniya ta kira ni ofishinta ta ce in rufe ƙofa. Na ce shi ke nan, rana ɗaya ta mai kaya ta zo.

Ashe albishir ne. Mai kamfani ya amince, ni za a ɗauka, sai dai ranar Juma'ar ƙarshe zan tsaya in nuna ayyukana a babban allo, kamar yadda aka saba. Ta ce ba ta samu sukunin duba shafina da kyau ba saboda rikicin nan, za ta zauna da shi kafin ranar.

Ta ɗan saki jiki, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ɗalibai suna zuwa mata da jerin harsunan kwamfuta goma, ita ko kallo ba ta yi. Abin da take dubawa kaɗan ne. Idan kwamfuta ta yi ƙorafi, kana karanta saƙon har ƙarshe ko kana tsorata? Za ka iya shiga kod ɗin wani ka gane shi ba tare da ka zage shi ba? Za ka iya yi wa ma'aikaciyar jinya bayani ta fahimta? Ta ce duk waɗannan ina da su. Sannan ta ƙara ɗaya tana tattara takardu, kamar ba komai ba.

"Kowa yana ɓata abu. Ni dai minti nawa ake yi kafin in ji, shi nake ƙirgawa."

Na ce haka ne. Har da gyaɗa kai.

Alhamis 13, ƙarfe biyar na yamma

Na duba rajistar, Saigobe yana tsaye a bayana. Kafin ya iso na riga na gani: saƙo biyu zuwa wata lamba ta ƙasar waje, "gwaji" kawai aka rubuta, ranar goma ga wata, wata biyu da suka wuce. Kwana ɗaya bayan na ɗora jakar. Mako uku kafin allonsa ya fashe.

Da ya zo sai na sa binciken ya fara daga watan jiya. Muka bi layi-layi tare. Na ce ba komai. Ya ce to, an gode, aƙalla mun gwada.

Da yamma mai kamfani ya gaya masa za a rubuta sakaci a takardar da za a aika makarantarsu. Hakan na nufin zai iya maimaita horon, shekara guda ta tafi. Ya ce mini abin da ya fi damunsa mahaifiyarsa, ta riga ta ɗinka kayan bikin kammala karatu.

Ba ni na ce ya ɗaga hannu ba. Ba ni na ce ya kai kwamfuta babu kalmar sirri ba. Shi ma ya yi sakaci, ai gaskiya ne. Gaskiya ne.

Juma'a 14, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban je aiki ba. Na aika cewa zazzaɓi nake yi, kuma jikina da zafi, don haka ba ƙarya ba ce duka.

Yaya ta shigo da tsintsiya, ta ce ita fa ta gaji, mako biyu ina yawo a gida kamar kazar da ruwa ya doka. In soyayya ce in faɗa a je a ga mutumin, in kuma aljanu ne a san abin yi. Na fashe da kuka. Na gaya mata komai, har na jiya. Ba ta gane tarihin aiki da rajista ba, amma ta gane sauran.

Da farko ta ce in rufe bakina, aiki ba a tsintarsa a titi, Baba kuma ya riga ya cika unguwa. Ta yi shara rabin ɗaki, sai ta tsaya.

"Wa ya san wannan maganar?"

Na ce babu kowa.

"Ke fa? Ke ba kowa ba ce?"

Ta ci gaba da shararta. Ba ta sake cewa in yi shiru ba, ba ta kuma ce in faɗa ba.

Lahadi 16, ƙarfe uku na yamma

Na rubuta abin da na yi, irin rahoton da Injiniya ta koya mana idan manhaja ta faɗi: me ya faru, yaushe, me aka yi, me ya kamata a yi. Sau bakwai ina sakewa. Na farko shafi uku ne, rabinsa maganar malaminmu da yadda aiki ke wuyar samu. Na bi na cire duk inda na rubuta "amma." Da na gama bai cika shafi ɗaya ba.

Abin da na yi wa Saigobe ranar Alhamis ne ya ƙi rubutuwa. Na sa, na cire, na sa. Babu wanda zai taɓa gano wannan, ko an ga tarihin. Zan iya cewa ban lura ba.

Yana ciki. Layi na tara.

Litinin 17, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Ina tasha. Takardar tana jaka. Motoci biyu sun wuce da wuri a ciki, ban shiga ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ba ta sani ba. Duk tsoron da na sha cewa ta gano tana jirana ne, ashe ko kusa. Na miƙa mata takardar, ta karanta sau biyu a tsaye. Ta buɗe shafina, ta shiga tarihin, ta buɗe rajista ta ga saƙo biyun. Ta cire gilashi. Sannan ta leƙa waje ta kira Saigobe, ta ce in maimaita a gabansa da bakina.

Na maimaita. Muryata kamar ta wata. Bai katse ni ba, yana ta juya wata 'yar wayar lantarki a yatsunsa. Da na gama ya yi tambaya ɗaya.

"Ranar Alhamis, da nake tsaye a bayanki, kin riga kin gani?"

Na ce na gani.

Ya ce to. Ya ajiye wayar a tebur a hankali ya fita. Da ma zagina ya yi.

Injiniya ta ce ɗora fayil kuskure ne, ita ma tana ƙarama ta taɓa share bayanan wata makaranta gaba ɗaya, ta faɗa cikin minti biyar, aka gyara. Ɗora aikin kamfani ba izini wauta ce, ana yi wa mutum faɗa a wuce.

"Kwana goma sha huɗu kuma ba kuskure ba ne. Kullum da safe kina tashi ki sake zaɓar yin shiru."



Laraba 19, ƙarfe ɗaya na rana

An janye maganar sakaci daga takardar Saigobe. Shi za a ɗauka. Mai kamfani ya so a sallame ni tun Litinin, Injiniya ta ce a'a, wanda ya zubar shi zai kwashe. Na wanke tarihin, na rubuta wa mutum ukun nan suka sauke nasu, yanzu kuma ina gina ɗan abin da zai hana kowa a ofis ɗora fayil mai mabuɗi. Yana aiki. Na gwada shi da nawa laifin, ya kama.

Saigobe ya koma teburinsa. Yana gaishe ni, ina kwana, sai anjima. Ya daina wasa da ni. Ofis duk an sani, babu mai cewa komai, sai dai in na shigo hira ta canza.

Jiya na gaya wa Baba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya tambaya ko an wanke ɗan mutane, na ce an wanke shi. Ya ce dattijon mai hawan jini fa? Na ce ya karɓi maganinsa, na kira na ji. Ya ce to je ki ci abinci. Yau da safe na ji mai kanti yana tambayarsa yaushe injiniya za ta fara aiki, Baba ya ce da sauran lokaci.

Juma'a 21, ƙarfe biyar na yamma

Na miƙa katin shiga. Injiniya ta sa hannu a takardar makaranta, na ci horon. Ta ba ni izini in ɗora abin kama mabuɗin a shafina, tare da rahoton in na so, bayan an cire sunan kamfani. Na tambaye ta ko zan iya ba da sunanta idan wani wuri ya nemi wanda ya san aikina.

Ta ce in bayar. Duk wanda ya kira za ta gaya masa ba ta taɓa samun ɗan horo mai hannu irin nawa ba, za ta gaya masa layi na tara ni na rubuta shi ba wanda ya tilasta ni. Za ta kuma gaya masa kwana goma sha huɗun. Ta ce ba za ta rage ko ɗaya ba, in yi tunani kafin in bayar.

Saigobe yana kan waya da wani asibiti lokacin da na fito. Ya ɗaga mini hannu bai juyo ba.

Asabar 22, ƙarfe goma na safe

Wani kamfani yana neman sabbin masu rubuta kod. Tun ƙarfe takwas nake cike fom ɗinsu. Makaranta, na cike. Ayyukan da ka gina, na sa shafina, da rahoton a sama inda ba za a rasa shi ba. Saura akwati na ƙarshe: lambar wanda ya duba aikinka.

Ina da lambar malaminmu. Zai yabe ni har su gaji, bai san komai ba. Na rubuta tasa, na zauna ina kallonta, Yaya tana wanke-wanke a tsakar gida tana waƙa.

Na goge na sa ta Injiniya. Kafin in tura sai da na gwada lambar da wadda ke wayata sau uku, ɗaya bayan ɗaya, kada a ce yatsana ya zame a lamba guda. Na san halina.